Baƙuwa Ce

Na yi shekaru ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Mubi, kuma babban abin da na samu a aikin shi ne hawan jini. Sai in rubuta a allo, "Uwata ta zo," in juya in ce a karanta, aji guda ya amsa mini da ƙarfi, "Mamana ya zo." In yi faɗa, in buga tebur, su yi shiru suna kallona da tausayi, washegari a koma gidan jiya.

Ba laifin yaran ba ne. A garinmu Hausa ta aro ce. Mu Gude muna da harshenmu a cikin gida, Fulani da nasu, mutanen Michika da nasu, sai an haɗu a kasuwa ko a tasha ake ɗauko Hausa a yi ciniki da ita. Saboda haka kowa "shi" ne a Mubi. Mace shi, akuya shi, mota shi, Hausar kanta ma shi. "Ta" da "ce" ba a cika taɓa su ba, sai in ana son a nuna mace ƙiri-ƙiri yadda ba za a yi musu ba. Ni da na je kwaleji na koyo ta littafi, tsokanata ake yi a unguwa wai na haɗiye Kano ta tsaya mini a wuya. A lokacin dariya nake yi. Ban san wannan 'yar maganar ce za ta raba mahaifiyata da mai ba ta abinci a baki ba.

Inna ta makance tun kafin rikicin masu bindiga, ƙafafunta ma suka daina ɗaukarta. Muna zaune a gidan marigayi mahaifinmu, ni da ita da yayana da iyalinsa. Hamma muke ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a wajenmu. Tela ne, shagonsa yana bakin titi. Mutum ne mai son jama'a su ce da shi mutumin kirki, kuma wannan son shi ne ciwonsa. Ni kuwa aure ya ƙare mini, na dawo ɗakin da na tashi a ciki.

Akwai wata mata 'yar Michika da ta daɗe tana kawo wa Inna man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Kirista ce, ta girme ni, don haka Adda nake ce mata. Ranar da masu bindiga suka shiga Michika a ƙarshen damina mijinta yana gona, kuma har yau bai dawo daga gonar ba. Ita ta biyo jama'a a ƙasa har Mubi. Da ta iso ƙofarmu ban gane ta ba. Ƙafafunta sun kumbura, zane ɗaya ne a jikinta. Ta yi sallama da 'yar muryar da ta rage mata. Inna ce ta ɗaga kai daga tabarma ta ce, "Wannan muryan mai man gyaɗa ne. Ku ba shi ruwa, ku shimfiɗa masa a ɗakina."

Haka Adda ta zauna da mu. Unguwa ba ta damu da sanin sunanta ba. Baƙuwan gidan Malama, haka ake ce mata, daga baya aka gajarta aka bar "baƙuwa" kawai. In an ce baƙuwa a layinmu kowa ya san wa ake nufi.

Ba a daɗe ba abin ya iske mu. Da safe ne, ina makaranta a ƙetaren mayo, wato kogin da ya ratsa garin, aka fara jin harbi. Gada ta cika da masu fitowa a guje, babu mai iya kutsawa ya koma ciki. Taron ya kwashe ni ya nufi duwatsu da ni. Sai a hawan Kwaja na haɗu da Hamma da matarsa da 'ya'yansa, ya saɓo kan keken ɗinkinsa a kafaɗa.

Na ce, "Hamma, ina Inna?"

Ya ce, "Shi ya ce mu tafi. Ya ce ba zai iya dutse ba."

"Ka bar ta ita kaɗai?"

"Baƙuwan yana nan. Na ce ya fito, ya ƙi."

Na dubi kan keken nan, na dubi fuskarsa. Na juya na ci gaba da tafiya, don numfashin da ya rage mini na hawan dutse ne.

Unguwarmu kusan gaba ɗaya a Kamaru ta sauka, har da jauro, wato mai unguwarmu. Aka zube mu a filin wata makaranta kusa da fadama. Sauron wurin ban taɓa ganin mai naci irinsa ba, tun rana ba ta gama faɗuwa ba yake fara aiki. Babu wanda bai kwanta zazzaɓi ba. Muka sha abin da muka samu, muka tashi, muka ci gaba da jiran labarin gida.

Da aka ƙwato garin muka dawo, ni a raina gawa na zo nema. Na tura ƙofa, sai ga Inna zaune a inuwa, an yi mata wanka, an yi mata kitso, Adda tana durƙushe tana ba ta kunu da ludayi. Tsohon hijabin Inna ne a jikin Adda. Duk zaman da masu bindigar nan suka yi a garin, a cikinsa ta rayu. In sun leƙo gidan sai Inna ta ce 'yarta ce, bebiya ce, don kada bakinta ya tona ta. Babu injin niƙa, a dutse take niƙa dawa. Ruwa kuwa sai ta tsallaka katangar maƙwabta ta jawo a rijiyarsu. Tun daga nan Inna ta daina karɓar abinci daga hannun kowa sai nata. Ni da ta haifa, in na miƙa mata ludayi, sai ta shinshina hannuna ta ce, "Ba shi ba ne."

Da farko unguwa ta yi ta shigowa sa albarka. Mata suna kama hannun Adda suna cewa ko 'yar cikinka ba za ta yi haka ba, suna faɗa suna satar kallon Hamma. Amma mutum ba ya son ya riƙa ganin wanda ya yi abin da shi ya kasa. Kafin wani lokaci magana ta juya. A wajen ɗibar ruwa aka fara tambaya, yaya aka yi Kirista ta zauna a cikinsu ba su taɓa ta ba? Me ta ba su? Da kunnena na ji wata da ta gudu ta bar ƙishin ruwa ya kusa kashe surukinta tana wannan tambayar.

Sai damina ta zo da zazzaɓi. Mu mun saba da zazzaɓin cizon sauro, tare muka girma da shi. Ka je kemis ka sayi maganin da ka sani, ka sha, ka yi gumi, ka tashi. Na wannan shekarar bai yarda da haka ba. Yaro zai sha magani ya tashi ya yi wasa, bayan 'yan kwanaki ya sake faɗuwa, jikinsa ya fi na farko zafi. Masu ciki suka yi ta ɓari. A layinmu an fitar da ƙananan gawarwaki a tabarma, a ciki har da jikar jauro, wadda yake ɗorawa a cinya in yana sauraron ƙara.

A tsakiyar wannan ne wani likita ya zo da mutanensa a farar mota. Daga wajen Zariya yake, an ce aikinsa bincike ne. Da ya buɗe baki na ji kamar an ba ni ruwan randa. Hausa ce tas, kowace "ta" a mazauninta. Jauro ya sa ni in riƙa jera wa likitan mata, don haka na samu na tambaye shi abin da suke yi. Ba allura suke yi ba, ba kuma magani suke rabawa ba. Ɗan yatsa suke sokewa su ɗiga jini a kan wata 'yar takarda mai shan ruwa, su shanya ta, su sa a leda.

Ya ce, "Malama, kin san abin da sauro yake zuba wa mutum ƙwayar cuta ce mai rai. To su ma ba ɗaya suke ba, dangi-dangi ne. Kowace tana ɗauke da abin da ta gada daga iyayenta, a rubuce a cikin halittarta. Mu a ido duk kamarsu ɗaya, amma akwai ɗakin bincike mai nisa da ake karanta wannan rubutun. Kin ga yadda makiyayi yake duban saniya ya ce wannan ba ta garkenmu ba ce? Haka za su duba su gaya mana wace iri ce a jininku, ta nan ce ko ta wani wuri, kuma me ya sa magani ba ya kama ta."

Abin ya burge ni ƙwarai. Na koma gida ina ba Inna labari wai yanzu har cuta ana bin salsalarta. Jauro ne ya fara miƙa yatsa don mutane su saki jiki. Hamma ya bayar, ni ma na bayar. Adda ma ta bi layi ta bayar, ko da yake ita ko ciwon kai ba ta yi ba a daminar.

Sai bayan kaka likitan ya dawo. Aka tara mu a gindin mangwaron ƙofar jauro, maza a gaba a kan benci, mata a baya a tabarma. Adda tana can ƙarshen tabarma, inda ta saba zama. Likitan yana sauri, yana ta duban agogo, don a lokacin ana rufe hanya da wuri kuma yana da wasu unguwanni a gabansa. Ya tsaya ya yi bayani. Ba zan manta kalmominsa ba.

"Jama'a, mun gano ƙwayar da take wahalar da ku. Baƙuwa ce. Ba 'yar nan ba ce, da can ba mu san ta a wannan yanki ba. Da gudun hijirar nan ta shigo, ta samu wuri ta zauna. Kuma ba ta jin magani. In ba a tashi tsaye an kore ta ba, za ta ci gaba da kashe muku yara."

Kalmar "ƙwaya" sau ɗaya ya faɗe ta, ta wuce ta saman kai. A Mubi ƙwaya ita ce wadda ake haɗiya da ruwa. Abin da ya sauka a kunnen mutane shi ne sauran: baƙuwa ce, ta shigo, ta zauna, a kore ta. Wasu ma "ba ta jin magana" suka ji. Ina zaune na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, daga benci har tabarma, duk wuri ɗaya suke kallo. Matar da take kusa da Adda ta ja 'yarta ta matsa.

Likitan bai ga komai ba. Ya ci gaba da cewa an kawo sabon magani asibitin unguwa, a daina sayen tsohon, a riƙa kwana a gidan sauro. Ya yi godiya, ya shiga mota. Na miƙe ina tsallake ƙafafun mata ina kiransa, kafin in fito daga taron motar ta kai kwana.

Na dawo na durƙusa gaban jauro. Ba a saba mace ta yi magana a nan ba sai an kira ta, amma ban jira ba.

Na ce, "Baba jauro, a gafarce ni. Likita cutar yake nufi. Ƙwayar cutar ce baƙuwa, ba mutum ba."

Ya dube ni da idanun da ba su gama bushewa daga kukan jikarsa ba. Ya ce, "Malama, cuta mace ne? Cuta yana ɗaura zane?"

Aka yi 'yar dariya a benci.

Na ce, "A Hausa ƙwaya mace ce, Baba. Haka ake faɗa. Kamar yadda ake cewa mota ta zo."

"Mota ya zo," in ji wani daga baya. Aka sake dariya.

Jauro ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Mu ba mu yi makaranta ba, amma muna da kunne. Likita ya ɗauki jinin kowa. Ya je ya duba. Ya dawo ya ce baƙuwa. Ya ce ta shigo da gudu. Ya ce a kore ta. Ya rufe sunan ne don kunya. A unguwan nan baƙuwa nawa ne?"

Na ce, "Baba, ita fa ba ta je ko'ina ba! Mu ne muka je Kamaru sauro ya ci mu. Ita tana nan tana ba Inna kunu."

Ya ce, "Shi ne ma abin tsoro. Wanda ya zauna da mutanen nan, ka san me suka sa masa a jiki?"

A nan na gane ba nahawu ne ya gagare su ba. Sun daɗe suna neman wanda zai faɗi wannan maganar a madadinsu, sai ga mai farar mota ya faɗa musu da Hausa mai kyau. Na tashi a fusace. Na waiwaya in kama hannun Adda mu tafi, ashe tuni ta tafi, lokacin kunun Inna ya yi.

Na yi abin da zan iya. Na je asibitin unguwa neman likitan, suka ce ba ma'aikacinsu ba ne, zuwa yake yi ya tafi, ba su san inda za a same shi ba. Wani ma'aikacin wurin ya yarda da ni, har ya zo ƙofar jauro ya yi bayani. Aka saurare shi, aka ba shi ruwa, da ya tafi aka ce ai ba shi ya ɗauki jinin ba. Na bi gida-gida kamar mai tallan gishiri. Wata tsohuwa ta ce mini, "Malama, ka kai nahawunka makaranta. Mu yaranmu ne yana mutuwa."

A wajen ɗibar ruwa, in Adda ta ajiye bokiti sai a janye na kusa da shi. Man gyaɗar da ta fara yi tana sayarwa ya zauna a kwalba babu mai tayawa. Yara aka hana su shigowa gidanmu. Sannan abin ya kai inda na san zai kai: mutane suka fara karɓe yadinsu daga shagon Hamma ba a ɗinka ba. Ana cikin haka autarsa ta kwanta zazzaɓi. An ba ta sabon maganin ta warke sarai, amma wannan bai shiga lissafin kowa ba.

Wata safiya Hamma ya tsaya a tsakar gida, bai dubi kowa ba, ya ce da bango, "Baƙuwan nan ya nemi wani wuri."

Na ce, "Hamma, ka ji tsoron Allah."

"Ba ni na ce ba. Likita ne."

"Likita bai ce ba, kuma ka sani. Kai ka yi sakandare. Ka san abin da yake nufi."

Ya kau da kai. Ya sani ɗin. Daga baya ya ce, "Ko na sani, unguwa bai sani ba. Ni zan zauna da unguwa."

Na ce, "Ranar da ka saɓi keke ka bar uwarka, unguwa ce ta ba ta ruwa?"

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya fasa, ya fita. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, ita ma don Inna.

Adda tana bakin murhu, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta gama dama kunu, ta ba Inna, ta yi mata wanka, ta sake mata kitso ƙanana-ƙanana irin wanda yake daɗewa. Ta ninke hijabin nan ta ajiye a kan tabarmar da take kwana. Sannan ta kira ni gefe ta nuna mini yadda Inna take son kunun, tsamiya kaɗan, kuma a bar shi ya huce har sai an iya sa yatsa.

Na ce, "Adda, ba inda za ki. Ɗakina nawa ne. Ki dawo ciki mu zauna."

Ta ce, "Malama, kar ka yi faɗa da Hamma saboda ni. Gida naku ne. Ni na zo ne da gudu."

Ta durƙusa gaban Inna ta ce za ta je kasuwa. Inna ta ce ta sayo mata goro mai taushi. Na raka ta tasha da ƙullin kayanta, wanda bai fi wanda ta zo da shi da komai ba sai takalmi.

Inna ta jira goronta har yamma. Da na gaya mata gaskiya sai ta tambaya ko Hamma yana gida. Aka kira shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin. Ta ce, "A'a, muryan kawai nake so in ji ko kai ne." Kunun da nake dama mata, da tsamiya kaɗan, a huce, sai ta kurɓi ludayi biyu ta kau da kai. Na ga tana raguwa a kan tabarma kamar sabulu.

Damina ta sake zagayowa, zazzaɓi ya sake zuwa. Baƙuwa ta tafi, yara suna kwanciya. Ban ji wanda ya yi mamaki da babbar murya ba. Ni kuwa duk wanda na haɗu da shi a hanyar asibiti da yaro a kafaɗa sai in gaishe shi da kyau, in tambaye shi ya mai jiki, in tsaya ina kallonsa har ya sunkuyar da kai. Ba hali mai kyau ba ne, amma ban fasa ba.

A daminar ne farar motar ta dawo, za a sake ɗibar jini a ga ko sabon maganin yana aiki. Ban bari likitan ya sauke kayansa ba. Na tare shi a bakin mota na zayyana masa komai. Da farko ya yi murmushi, yana zaton wasan malaman Hausa ne. Da ya ga fuskata murmushin ya ɗauke. Ya zauna a kan matakin motar ya riƙe kai, yana ta salati. Ya ce, "Malama, ni ƙwaya na ce." Na ce na sani, ni kaɗai ce na ji.

Ya sa aka tara mutane a gindin mangwaron nan. Wannan karon bai dubi agogo ba. Kuma ya ajiye Hausarsa mai kyau, ya ari tamu, yana tuntuɓe a cikinta.

Ya ce, "Ciwon nan, shi ba mutum ba ne. Shi ƙaramin abu ne a cikin jini. Shi ne baƙo. Mun same shi a jinin waɗanda suka ƙetare iyaka suka dawo. Ya kwanta a jikinku shiru, da ruwa ya sauka sauro ya ɗauka ya raba wa yara. Wanda bai fita garin nan ba, ba shi ya kawo ba. Ba laifin kowa ba ne. Amma in ana neman wanda ya ɗauko, to ga ku nan a zaune."

Na zuba ido in ga kunya. Abin da na gani shi ne mutane suna gyara zama. Wani ya ce, "Allah sarki." Wata ta ce, "Ashe." Matar da ta ja 'yarta a tabarma ta ce ita dama tun farko ba ta yarda ba. Daga ƙarshe jauro ya ce, "To, likita, ai Hausanka ne ya yi yawa." Aka yi dariya, dariyar samun mafita, aka miƙa yatsu aka ba da jini.

Da yamma Hamma ya tsaya a tsakar gida ya sake magana da bangon nan. Ya ce, "In ana so a je a kira shi, a je."

Ranar kasuwar Michika na shiga mota. Gadar da aka fasa a hanya ba a gyara ba, sai da muka sauka muka ƙetare ruwa muka hau wata motar. Garin rabi a ƙone, rabi ana sake rufi da sabon kwano. Ban sha wahalar nemanta ba. Tana layin masu mai, a ƙarƙashin 'yar rumfar buhu, da kwalabe a gabanta. Ta rame, amma tsaf take. Da ta gan ni ta tashi ta rungume ni, ta ba ni kujerarta, ta zauna a kan dutse.

Ta ce, "Yaya Mama?"

Na ce, "Tana nan. Ba ta cin abinci, Adda."

Na ba ta labarin komai, dawowar likita, da abin da ya faɗa, da yadda ya faɗa. Na ce yanzu kowa ya san ba ita ba ce. Na ce Hamma da kansa ya ce a zo a kira ta. Ban gaya mata da bango ya yi maganar ba. Tana saurare tana goge bakin wata kwalba da gefen zanenta.

Da na gama ta ce, "Malama, da na tafi, ciwon ya tafi?"

Na ce, "Bai tafi ba."

"Yara ya mutu kuma?"

"An rasa wasu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ni na yi ta addu'a ya zama ni ne. In ni ne, da na tafi yaran zai huta."

Na ce, "Ki zo mu koma. Don Inna."

Wata mai saye ta zo, Adda ta auna mata, ta tafi. Sannan ta ce, "Lokacin da mutanen nan suna gari, in sun buga ƙofa ina jin tsoro, amma na san su waye. A unguwanku, wanda na ba shi ruwa da hannuna ne ya janye bokiti. Yau likita ya gyara magana. Gobe in wani abu ya ɓace, ko wani yaro ya faɗi, baƙuwa nawa ne a unguwan?"

Tambayar jauro ce ta maido mini, kusan kalma da kalma. Ashe ta ji ta kafin ta bar taron.

Ta zaɓi kwalbar mai mafi kyau ta ɗaure bakinta da leda. Ta tashi ta shiga cikin kasuwa, ta dawo da goro fari mai taushi a ganye. Ta ce, "Ka kai wa Mama. Ka ce kasuwan ne ya yi nisa."

Na iso gida rana tana shirin faɗuwa. Inna tana kwance, fuskarta tana kallon ƙofa. An gaya mata inda na je, kuma matar Hamma ta ce tun azahar ta sa aka juyo da ita haka. Na cire takalmi na shiga a hankali. Ban kai ga yin sallama ba ta ɗaga hannu alamar in yi shiru. Ta kasa kunne wajen zaure, ta daɗe tana saurare.

Ta ce, "Ƙafan mutum ɗaya nake ji."

Na durƙusa na sa mata goron a tafin hannu. Ta shinshina ganyen, ta riƙe shi a ƙirjinta, ta ce in taimaka mata ta juya wajen bango.